Farfaganda: Asalinta Da Yadda A Ke Morarta

Mutumin da ya shiga ajin yaƙi da jahilci da girmansa, ya daure wa gajiyar gona da dariyar yara har ya karɓi takardar shaida, ya sami dukiyar da ɓarawo ba ya ɗauka. Amma fa ranar da idonsa ya buɗe ga karatu, ran nan ne kuma ya shiga hannun duk wanda ya mallaki injin buga takarda. A da, wanda ya ke son ya juya masa ra'ayi sai ya tako har ƙofar gidansa, ya yi sallama, su zauna bisa tabarma guda. Yana kallon idonsa, ya san ɗan gidan wane ne, ya kuma san ko ubansa ya taɓa cin amanar wani. Yanzu kuwa magana ta kan iske shi a rubuce, ko cikin rediyo, ko cikin wayar da ke aljihunsa, ba fuska ba dangi. Saboda haka ya kamata ya san sunan wannan sana'a ta jan ra'ayin jama'a, ya kuma san iyakar abin da sunan ke nufi. Sunan kuwa baƙo ne, daga Turanci aka aro shi, shi ne farfaganda.

Kalmar ta zauna daram a bakin Hausawa har ba a jin baƙuncinta. A tashar motar Ikara, ko a rumfunan masu rake na kasuwar Maƙarfi, ko a wata majalisa ta bayan la'asar a Hunƙuyi, in gardama ta yi zafi a kan wani labari, ba a daɗewa sai wani ya kaɗa hannu ya ce, "Ku rabu da su, farfaganda ce." Da faɗin haka sai kowa ya yi tsit, sai ka ce alƙali ya yanke hukunci. Ba mai tambayarsa ko labarin gaskiya ne ko ƙarya, don a ganinsu ya riga ya amsa. Alhali kuwa bai amsa kome ba. A nan kuskuren ya ke, kuskuren da ya taɓa jawo wa ƙasar nan hasara ba kaɗan ba.

Turawa suna rubuta kalmar propaganda. Harafinta na farko babu shi cikin Hausa, sai aka musanya shi da wanda ya fi kusa da shi, kamar yadda aka yi wa fensir da fam da fasinja. Harshen Bahaushe kuma ba ya son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali tsakaninsu, don haka waɗansu su kan ce furofaganda, amma yawancin mutane farfaganda su ke cewa, daidai da yadda babban malamin jami'a ya koma farfesa. Mai son raha ya iya cewa Hausawa sun dace da wutsiyar kalmar, gama ganda abin tauna ce mai daɗewa a baki, ƙoshinta kaɗan.

Su Ingilishi ma aro suka yi. Asalin kalmar daga Latin ne, watau harshen Rumawan da, kuma kalmar manoma ce. In mai gonar inabi ya sami itace mai kyau yana son ya yawaita irinsa, sai ya tanƙwaro reshe ya binne tsakiyarsa cikin ƙasa har ya yi saiwa, ko ya yanko reshen ya dasa a wani wuri. Wannan aiki shi su ke kira propagare. Ba wanda zai fahimci wannan kamar mutumin ƙasar Maƙarfi, domin haka a ke yi wa rake. Ba a shuka ƙwayarsa. Sanda a ke samu mai lafiya a sassare ta gunduwa gunduwa, kowace da idonta, a kwantar cikin fadama a rufe da ƙasa, kowane ido ya tsiro ya zama sabon rake irin uwarsa sak. Haka rogo, haka yaɗon dankali. To, duk manomi ya san dashe ba ya gyara iri, ba ya kuwa ɓata shi. In sandar da aka saro mai zaƙi ce, gona ta cika da zaƙi. In mai ciwo ce, an dasa ciwo ke nan kadada guda. Kalmar tun asalinta hanyar yawaita abu ta ke faɗi, ba ruwanta da kyan abin ko muninsa.

Daga gona ta shiga sha'anin addini. Cikin 1622 Paparoma Giregori na 15 ya kafa wata majalisa a birnin Rum wadda aikinta shi ne lura da yaɗa addinin Kirista a ƙasashe masu nisa, sunan majalisar kuwa yana ɗauke da wannan kalma. Da sannu aka riƙa kiran majalisar da kalmar kaɗai, daga nan kuma aka shiga kiran kowace ƙungiya mai yaɗa wani ra'ayi da ita. Shekaru aru-aru mutane da yawa ba su jin kunyar a ce aikinsu ke nan. Ko a Nijeriya, cikin shekarun 1930, wani Bature ma'aikacin lafiya a Ikko, William Sellers, ya riƙa yawo da mota yana nuna wa jama'a hotuna masu motsi a kan yadda ɓeraye ke kawo annoba da yadda a ke tsabtace gida, sashen da ya ke shugabanta kuwa sunansa a takardun Gwamnati Sashen Farfagandar Lafiya. Ba wanda ya ɗauki sunan zagi. Irin motarsa ce ta haifi majigin da daga baya a kan kafa a ƙofar gidan hakimi da dare, yara da manya su taru.

Yaƙi ne ya ɓata sunan kalmar. A Yaƙin Duniya na Farko, daga 1914 zuwa 1918, kowace ƙasa ta kafa ofishin da aikinsa shi ne ƙarfafa zukatan mutanenta da baƙanta abokan gaba. Akwai wani labari daga cikin na lokacin da ya cancanci a tsaya kansa, don ya nuna abin da kalma guda ke iya yi. Cikin watan Afrilu 1917 manyan jaridun Ingila suka buga cewa Jamus suna da wata ma'aikata inda su ke dafa gawawwakin sojojinsu suna fid da kitse. Duniya ta ɗauka, aka yi ta la'antarsu. Ma'aikatar kuwa akwai ta, amma kalmar da Jamus suka yi amfani da ita a nasu rubutun ta dabbobin da suka mutu ce, kamar dawakin da aka kashe a fagen fama. Bahaushe ba zai rasa gane bambancin ba, gama shi ma ya raba mushe da gawa. Masu fassara suka mai da mushe gawa, shi ke nan. Sai cikin Disamba 1925 Ministan Harkokin Waje na Ingila, Austen Chamberlain, ya tashi a Majalisa ya yarda labarin ba shi da tushe.

Abin bai tsaya nan ba. Mutanen da aka ruɗa sau ɗaya suka ƙudura ba za a sake ruɗinsu ba. Da labarin kisan gillar da mutanen Hitila ke yi wa Yahudawa ya fara fitowa sosai cikin 1942, da yawa a Ingila da Amurka suka kaɗa kai suka ce irin ta 1917 ce aka sake kawowa. Wannan karon kuwa gaskiya ce, har mutum wajen miliyan 6 suka halaka. Ƙaryar farko ta ci mutuncin Jamus na ɗan lokaci, amma ɓarnarta mafi girma ita ce ta toshe kunnuwan mutane ga gaskiyar da ta zo bayanta.

Shi Hitila bai ɓoye ba. Da ya hau mulki cikin 1933 ya kafa ma'aikata sukutum mai suna Ma'aikatar Wayar da Kan Jama'a da Farfaganda, ya danƙa ta hannun Gobels, aka mai da rediyo da jarida da sinima duk bakinsu ɗaya. Tun daga nan ƙasashe da yawa suka guji sunan. Ingila ta kira tata Ma'aikatar Labarai. Ko majalisar nan ta Rum an sake mata suna cikin 1967. Aikin yana nan, sunan ne aka tuɓe aka rataya wa abokin gaba. A wannan hali Hausa ta karɓi kalmar, da tabonta, shi ya sa har yau da wuya a ji hukuma ko jam'iyya ta ce ga farfagandarta. Abin da ita ta ke yi sunansa wayar da kai, ko faɗakarwa, ko ilmantarwa. Abin da waɗancan ke yi shi ne farfaganda.

A Zariya ma an yi wannan aiki, kuma bai kamata a ji nauyin faɗi ba. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu ji-ta-ji-ta ta bazu cikin ƙasa cewa Ingilishi za su miƙa Nijeriya ga Jamus. Yana daga cikin dalilan da suka sa cikin Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Dokta East yana lura da ofishin, Malam Abubakar Imam yana edita. Da kuɗin hukuma aka kafa ta, don ta dasa ra'ayin da hukuma ke so a zukatan masu karatu. Bisa ma'anar kalmar ta asali, farfaganda ce ba ko shakka, sunan jaridar kansa ma wani dashe ne. Duk da haka wanda ya jefar da ita saboda wannan ya yi wauta. Ta kawo wa mutane labarin duniya cikin Hausa mai daɗi, ta buɗe fili ga wasiƙun masu karatu, har da masu kuka da halin waɗansu ma'aikatan En'e. Abin da mai hankali ya kan yi da irin wannan takarda shi ne ya karanta, yana tune da wanda ya biya kuɗin bugu, ya lura da abin da aka faɗa, ya kuma lura da abin da aka tsallake.

Tsallakewar nan ita ce babbar dabarar sana'ar, ta fi ƙarya tsagwaronta aiki, kuma ba inda ta fito fili kamar a sha'anin auduga. Tun 1902 masu masaƙun Manchesta suka kafa ƙungiya don neman auduga daga ƙasashen da Ingila ke mulki, suka kafa injin gurza a Zariya, suka sa rai ƙasar Hausa za ta cika musu jiragen ruwa. Shekara da shekaru ana aiko malaman gona ƙauyuka, ana raba iri, daga baya majigi ya zo da wasan Baban Larai, mutumin da ya bi shawarar malaman gona ya ga amfaninta. Babban saƙon shi ne a shuka auduga da wuri, cikin watan Yuni, ita kaɗai a gona, a jere. Maganar kuwa gaskiya ce, audugar da aka shuka da wuri ta fi ba da kaɗa. Manoman Ikara da Kudan da sauran ƙasar Zazzau suka sha kallo, suka yi dariya inda a ke dariya, gari ya waye suka koma ga geronsu da dawarsu, sai cikin Yuli su waiwayi auduga. Ma'aikata suka yi ta cewa taurin kai ne da jahilci.

Sai cikin 1966 da 1967 wani masanin tattalin arziki na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, David Norman, ya yi abin da ya kamata a yi tun farko. Shi da ma'aikatansa suka zaɓi ƙauyuka uku, Hanwa da Ɗan Mahawayi da Doka wadda ke kan hanyar Zariya zuwa Kano, suka bi manoma shekara guda suna rubuta aikin da kowane gida ya yi da abin da ya girbe. Sai ga shi a fili, watannin Yuni da Yuli su ne lokacin da hannu ya fi ƙaranci, ana noman firi ana maimai, wanda duk ya bar dawarsa cikin ciyawa ya tafi ga auduga ya sayi yunwa da kuɗinsa. Haɗa amfani iri biyu ko uku a gona guda kuma, wanda a ke yi wa kallon rashin tsari, ya fi ba da amfani a kadada, in ɗaya ya ƙi ɗaya ya yi. Ashe manomi lissafi ya ke yi. Majigi bai yi masa ƙarya ba, rabin magana ya faɗa masa, rabin da ya dace da bukatar masaƙun Ingila. Shi kuwa da ya ke rumbunsa ne zai wofinta, ya riƙe ɗaya rabin a ransa.

Rake kuwa, wanda ya zama abin alfaharin Maƙarfi, bai bukaci wannan ɗawainiya duka ba. Mutum ya ga maƙwabcinsa ya matse rake ya dafa mazarƙwaila, ya ga abin da ya shigo masa da shi, baɗi shi ma ya nemi fadama. Gani ya kori ji.

Zamanin siyasa shi ya sa kalmar ta shiga kowane zaure. An kafa NEPU a Kano ran 8 ga Agusta 1950, NPC ta zama jam'iyyar siyasa cikin 1951, aka shiga lacca a kasuwanni da dandali, waɗannan suna kiran Sawaba waɗancan suna kiran Salama, kowane ɓangare da mawaƙansa. 'Yan NPC suka ce abokan hamayyarsu marasa kunya ne masu raina manya, 'yan NEPU suka ce su kuma 'yan barandan masu danne talaka ne, kowa kuwa ya kira maganar ɗan'uwansa farfaganda. A zaɓen Disamba 1959 jam'iyyar Awolowo ta shigo Arewa da abin da ba a saba gani ba, jirgi mai saukar ungulu da takardu buhu buhu. Jama'a suka yi dafifi wajen kallon jirgi. Da aka ƙidaya ƙuri'a, NPC ta tashi da kujeru 134 daga cikin 174 na Arewa. Masu kuɗin jirgi sun manta cewa taron kallo dabam, yarda dabam, kuma mutumin ƙauye ya fi jin maganar wanda zai kwana gari ɗaya da shi bayan jirgi ya tashi, ko don amana ko don tsoro.

Wannan kuwa daɗaɗɗen sani ne. Fiye da shekara 2,300 da suka wuce Aristo, malamin Yunanawa, ya rubuta cewa ƙarfin magana wajen rinjayar mai ji yana fitowa daga hujjar da ke cikinta, da halin da ta jefa zuciyar mai ji, da kuma mutuncin mai faɗinta. Malaman zaure na Birnin Zazzau ma ba baƙi ba ne ga wannan fanni. Suna karantar da balaga, inda ɗalibi ke koyon yadda magana ke dacewa da wurinta da masu jinta, malaman hadisi kuwa ba su karɓar zance sai sun bi salsalar waɗanda suka ruwaito shi ɗaya bayan ɗaya. Farfaganda ta zamani ta ɗauki wajen taɓa zuciya ta ba shi ƙarfi da maimaici, safe da yamma, har kunne ya saba, abin da kunne ya saba da shi kuwa zuciya ta kan ɗauka ta san shi.

Babban laifin da za a ɗora wa wannan baƙuwar kalma shi ne ta zama buhu, ana ta cusa mata kayan da Hausa ta riga ta rarrabe kowanne da mazubinsa. Hausa ba matalauciya ba ce a nan. In uwa ta zauna da ɗiyarta da ta yi yaji tana tausarta har ta koma ɗakinta, lallashi ke nan. In dattijo ya kira saurayi gefe ya nuna masa inda hanyarsa za ta kai shi, nasiha ce ko jan hankali. Wanda ya kawo dalili a gaban alƙali har abokin shari'arsa ya rasa ta cewa, ya kafa hujja, ya yi rinjaye. Wanda ya yi ta hura wa mutum wuta a zuciya har ya tashi ya yi abin da zai yi da-na-sani, zuga ya yi, kalmar kuwa 'yar'uwar zugazugin maƙeri ce, in abin ya kai ga hasara a ce ya ingiza mai kantu ruwa. Ɗan takarar da ya yi alkawarin rijiya da taki alhali ya san ba zai yi ba, romon baka ya ba mutane. Wanda ya ƙirƙiro laifi ya liƙa wa wani, ƙage ya yi ko ƙazafi. Labarin da ke yawo ba a san ubansa ba, ji-ta-ji-ta. Yarinya mai kiran fura a bakin kasuwa talla ta ke yi, maroƙi kuwa kirari, kowa ya san an biya shi ko za a biya shi, ba wanda ya ruɗu.

Kowace ɗaya daga cikin waɗannan tana ɗauke da hukuncinta. Wanda ya ce "ƙage ne" ya ɗauki nauyi, ana iya ce masa ya kawo shaida. Wanda ya ce "romon baka ne" ana iya jira a gani ko za a haƙa rijiyar. Amma wanda ya ce "farfaganda ce" ya jefi maganar da zargi bai ɗauki nauyin kome ba, in an matsa masa ya ce ai shi bai ce ƙarya ce ba. Kalma ce mai daɗi ga malalacin tunani, tana ba shi kamannin wayayye ba tare da wahalar bincike ba.

Ba a ce a kore ta ba, gama tana da gurbin da babu wata kalmar Hausa da ta cika shi sosai. Inda ta dace shi ne inda wata hukuma, ko jam'iyya, ko kamfani, ko ƙungiya, ta shirya da gangan, ta sa kuɗi da ma'aikata, ta yi ta nanata saƙo guda ga taron jama'a don su karkata inda ta ke so. Mutum guda ba ya yi wa matarsa farfaganda. Kuma in an tabbatar abu farfaganda ne, an san wanda ya dasa da abin da ya ke nema, saura a tauna raken a ji. Shi kansa yaƙi da jahilci da aka ɗaura cikin shekarun 1950, da waƙoƙinsa da majiginsa da jaridun larduna irin su Bazazzaga, farfaganda ce shiryayya, ga shi kuwa albarkacinta dubban mutane suka iya karanta wasiƙarsu da rasiɗin harajinsu da kansu.

Hasarar da aka ambata da farko ta auku ne cikin 2003. Shekarar nan magana ta bazu a Arewa cewa maganin shan inna da a ke ɗiga wa yara a baki an gauraya shi da abin hana haihuwa. Ba a banza mutane suka karɓi zancen ba. Cikin 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani a Kano cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara 200, yara 11 suka mutu, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata, sai cikin 2009 aka sasanta da Gwamnatin Kano. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma tambayar da talakawa suka riƙa yi, wadda ba ta wauta ba ce: don me a ke bin su gida gida da wannan magani kyauta, alhali in zazzaɓi ya kama yaro sai sun saya? Saboda haka da likitoci suka fito suna bayani a rediyo, amsa ɗaya aka ba su, farfagandar Turawa ce. Waɗansu jihohi suka dakatar da aikin, Kano ta fi kowa daɗewa, ba ta koma ba sai ƙarshen Yuli 2004, bayan an kawo maganin daga Indunisiya.

A wani fanni masu faɗin haka ba su yi kuskuren suna ba. Shiri ne na hukumomin duniya, da kuɗi da ma'aikata da saƙo guda ana ta nanatawa. Sai dai sandar da a ke dasawa lafiyayya ce. Yaran da shan inna ya kama a Nijeriya wajen 200 ne cikin 2002, cikin 2006 suka haura 1,000, cutar kuma ta tsallaka ta koma ƙasashe wajen 20 da suka riga suka rabu da ita. Kowane ɗaya daga cikin lissafin nan yaro ne da zai ƙare rayuwarsa yana jan ƙafa ko yana tura keken guragu. Abin da ya gyara al'amarin kuwa ba ƙarin lasifika ba ne. Sarakuna ne da hakimai da malamai suka shigo, musamman daga 2009 da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya haɗa kan sarakunan Arewa a kan aikin, aka ga manya suna ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, aka kuma sa matan unguwa waɗanda aka sani su shiga gidaje. Magana ta koma bisa tabarma, ta sami fuska da dangi. Rabon da a sami asalin ƙwayar cutar mai yaɗuwa da kanta a Nijeriya tun 2016 a Borno, ran 25 ga Agusta 2020 kuma aka ba da shaidar Afirka ta rabu da ita.

Akwai wani abin mamaki game da yadda a ke morar kalmar, shi ne ba a zare ta sai ga baƙo. Cikin Agusta 2014, bayan cutar Ebola ta shigo Ikko, wani saƙo ya bi wayoyin mutane cikin dare guda daga wannan iyakar ƙasa zuwa waccan, wai kowa ya tashi kafin asuba ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha. Ba hukumar da ta shirya shi, ba wanda ya biya kuɗinsa, ji-ta-ji-ta ce tsantsa. Amma da ya ke wa ne ya bugo wa ƙane, ɗiya ta bugo wa uwa, ba a ji mai kaɗa hannu yana cewa a rabu da su ba. Masu digiri da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba duk suka tashi suna neman gishiri a duhu. Ma'aikatar Lafiya ta fito ta ƙaryata, amma duk da haka an kwantar da mutane da dama a asibiti, aƙalla biyu kuma suka rasu.